Alhaji Tanimu Bawa da Jan Geron Rafin Kalgo

Haihuwa da asali

An haifi Alhaji Tanimu Bawa a shekarar 1932, a ƙauyen Rafin Kalgo da ke ƙasar Adar, tafiyar yini guda a ƙafa daga Keita. Mahaifinsa Malam Bawa manomi ne mai rumbu biyu, mahaifiyarsa Tabawa kuwa ta haifi 'ya'ya bakwai, amma biyu kacal suka rayu, wato shi da ƙanwarsa Raliya wadda ya girme wa shekara shida. Dattawan ƙauyen sun shaida cewa tun tasowarsa ba ya barin aiki ya kwana, har mahaifiyarsa takan yi masa tsiya, ta ce ko ranar mutuwarsa sai ya riga mala'ika hallara.

Karatu

A 1940 aka shigar da shi lakwal, wato makarantar boko, a Tawa, bisa tilas kamar yadda ake yi a zamanin Turawa, kuma a 1949 ya wuce makarantar koyon aikin gona ta Kollo, inda ya kammala a 1952 yana kan gaba a ajinsu. A can ne halayensa uku suka fito fili. Yana yin aikin gobe tun yau, ba ya wakilta kowa a kan abin da idonsa zai iya gani, kuma idan ya yanke shawara ba ya waiwaye. Masu son lissafa sirrin nasarar manya sun yi ta nanata waɗannan halaye ga matasa, sai ka ce addu'ar neman arziki. Mai wannan tarihi ya gaji da jin su, domin ya ga inda suka kai mai su.

Aiki da aure

Ya fara aiki a matsayin malamin gona a Madawa a 1953, sannan a Birnin Konni. A 1958 ya auri Halimatu, 'yar Malam Yahaya tela, mutumin Tawa da ya daɗe da zama a unguwar Maourey ta birnin Yamai. A 1966 aka kawo shi Yamai, aka sa shi a sashen kula da irin shuka, ya kama gida kusa da surukansa. Ma'aikatan buronsa, wato ofishinsa, suna tsoronsa fiye da yadda suke son sa, domin duk sammakon mutum a kan kujera yake tarar da shi. Ya sauke farali a 1971.

Farin 1973 da ɗaukaka

Sa'ad da fari ya tsananta a 1973, Alhaji Tanimu ya lura da abin da manyansa ba su lura da shi ba, cewa manomi mai jin yunwa yakan cinye irinsa, damina ta zo ta same shi hannu wofi. Saboda haka ya tafi Rafin Kalgo da ƙauyuka goma sha ɗaya da ke kewaye da ita, ya roƙi kowane magidanci ya ba shi zaɓaɓɓen geronsa amana, da alkawarin zai mayar masa lokacin shuka. Sun yi jinkiri, sai da Raliya ta fara fito da na gidan mijinta ta ajiye a gaban jama'a, sannan sauran suka bi. A watan Yunin 1974 ya mayar wa kowa nasa, ko tiya ɗaya ba ta ɓata ba, kuma ƙauyukan nan suka yi shuka a shekarar da maƙwabtansu suka zuba wa gonaki ido. Sojojin da suka karɓi mulki a watan Afrilu na wannan shekara suna neman irin wannan mutum ruwa a jallo. A 1975 aka naɗa shi shugaban ma'ajiyar iri, kuma shekara tara ana buga misali da shi a rediyo.

Kakar 1984

Daminar 1984 ta lalace fiye da ta 1973. A watan Oktoba ya sake zagaya ƙauyukan nan goma sha biyu, kuma a wannan karon ba a buƙaci lallashi ba, mutane suka kankare ɗan abin da suka samu suka ba shi, har wasu suka haɗa da wani ɓangare na abincinsu don gudun ɓarayi. Buhu ɗari shida da arba'in aka tara. Bai yarda a ajiye su a Tawa ba, ya sa aka loda wa kamyo, wato manyan motoci, aka kawo magaza, ɗakin ajiyar da ke bakin hanyar Saga a Yamai, inda idonsa zai gan su kullum.

A al'adar aikin, ana cuɗa iri da jan magani mai kashe ƙwari da cutar shuka a 'yan makonnin da ke gab da damina, domin da zarar maganin ya taɓa hatsi ya zama guba, ba mutum ba, ko dabba ba ta ci. To Alhaji Tanimu ya riga ya yi odar maganin tun bara, ga shi a jibge, ga ma'aikata a zaune. Mataimakinsa Malam Bala, dattijo mai sanyin hali, ya ba shi shawarar a dakata a ga yadda rani zai kaya. Ya amsa masa da cewa shi bai taɓa ajiye aiki ya jira shi ba, kuma ba da furfura zai koyi lalaci ba. Cikin kwana tara na watan Nuwamba aka rine geron nan gaba ɗaya, wata shida kafin lokaci.

Zuwan mutanen Rafin Kalgo

A watan Fabrairun 1985 rijiyoyi suka ƙafe, dabbobi suka ƙare, kimanin mutum ɗari huɗu daga ƙauyukan suka iso Yamai, wasu a ƙafa wasu a bayan manyan motoci, suka kafa bukkokin kwali da tsumma a gefen unguwar Lazaret. Ba su tsaya a Tawa ko Dosso ba, saboda sun san suna da gero a Yamai. Raliya, wadda mijinta ya rasu a hanya, ita suka wakilta, ta zo magaza da safiyar wata Talata tare da dattawa uku, goye da jikarta.

"Yaya," in ji ta, "ba bara muka zo ba. Geronmu muka zo karɓa. Bana ciki za mu shuka shi."

Alhaji Tanimu ya shiga da su cikin magazar. Ya kwance bakin buhu ɗaya, ya ɗebo da hannunsa ya nuna mata, ja wur. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye shi yaushe ya yi haka, ya ce tun makon da geron ya iso.

"Wa ya kore ka, Yaya?" in ji ta. "Wa yake bin ka da gudu?"

Adalci ya wajabta a rubuta cewa bai zauna ba. Ya sa aka wanke kaɗan daga geron sau bakwai da toka aka ba kaji, kajin suka mutu a kwana na uku. Ya sayar da motarsa da gonarsa ta shinkafa a Saga, Hajiya Halimatu ta riƙa dama kunu a manyan tukwane ana kaiwa Lazaret kowace safiya, amma ina kunun gida ɗaya, ina baki ɗari huɗu! Ya bi ofisoshi yana neman a musanya masa iri da hatsin ci, aka ce ya jira, kuma karo na farko a rayuwarsa ya zauna a benci yana jiran wani. Ya roƙi Raliya ta dawo gidansa, ta ƙi, ta ce ita ta fara miƙa geronta mutane suka bi ta, don haka inda suka kwana nan za ta kwana. Abincin agaji ya kai gare su a ƙarshen Afrilu. Kafin nan yunwa da ƙyanda da zawo sun ɗauke mutum tamanin da bakwai, galibinsu yara, kuma Raliya ta rasu ranar 11 ga Afrilu, kwana shida bayan jikarta.

Daminar 1985

Ruwa ya sauka, kuma ya sauka da kyau. Alhaji Tanimu ya kai irin da kansa, ya tsaya a dandalin kowane ƙauye yana kiran sunayen masu amana, wani sunan a amsa, wani a yi tsit. Geron ya tsiro kamar ba a taɓa fari ba. A watan Disamba hukuma ta ba shi lambar girma, aka yaba hangen nesansa da himmarsa, aka ce da ƙasa tana da irinsa goma da ba ta ji yunwa ba. Wallahi babu ƙarya a cikin jawabin, kuma wannan ne abin baƙin cikin. Ya karɓa, ya koma gida ya miƙa wa Hajiya Halimatu, bai sake tambayar inda ta ajiye ba.

Shekarun ƙarshe

A 1986 ya nemi a sallame shi daga aiki, shekara ɗaya kafin wa'adinsa. Bai fasa sammako ba, sai dai ba shi da inda za shi, yakan zauna a ƙofar gida cikin cikakkiyar shiga har rana ta take. Ya daina shan fura da duk abin da aka yi da gero. Idan matasan ma'aikata suka zo neman ya faɗa musu sirrin nasararsa, yakan tura su wurin Malam Bala. Sau biyu ya aika Rafin Kalgo yana neman a ba shi fili ya ƙare kwanansa a can, aka mayar masa da gaisuwa mai kyau ba tare da amsa ba. Kabarin Raliya kuwa ya neme shi bai samu ba, domin an yi gine-gine a wurin.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Alhamis, 3 ga Maris 1994, a gidansa na Maourey, bayan doguwar jinyar ciwon zuciya, yana da shekara sittin da biyu. Da aka tashi neman likkafani, sai aka tarar da shi a cikin akwatinsa, a yanke, a ninke, ya ajiye shi tun Afrilun 1985. An yi masa sutura a maƙabartar Yantala bayan sallar azahar, manyan ma'aikata da 'yan kasuwa suka cika sahu, amma daga ƙauyuka goma sha biyun nan babu wanda ya zo. Ya bar matarsa Hajiya Halimatu da 'ya'ya biyar: Hamisu, malamin makaranta a Maraɗi, Balki, ungozoma a Yamai, Hasan, direban babbar mota, Sa'adatu, tana aure a Damagaram, sai autarsu, wadda aka haifa a watan Mayun 1985 ya raɗa mata suna Raliya, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa ba a taɓa jin ya iya kiran sunan ba.