Baba Illiya da Wayar da Ya Ɗaura wa Kwano

Duk wanda ya saba bi ta layin masu gawayi a Zongon Wagadugu ya san gidan Baba Illiya, ko da bai san mai gidan ba. Shi ne gidan da eriya biyu suka yi cirko-cirko a kansa, ɗaya ta karkata gabas, ɗaya kudu, kowace an ɗaure ta da robar tsohuwar taya. Mutumin Birnin Ƙonni ne, tsohon direban babbar mota, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa tsakanin Lome da Yamai yana jigilar siminti da shinkafa. Da idonsa ya fara hazo, mai motar ya karɓe makulli da lallashi. Abu ɗaya Illiya ya ƙi bari a cikin motar, wato rediyon oba-oba, irin wanda direbobi ke kiran juna da shi a da. Da hannunsa ya kwance shi ya rungumo shi gida.

Ba abinci ya rasa ba, 'ya'yansa suna kawowa. Abin da ke cinsa daban ne. Mutumin da a da in ya yi gyaran murya a Tenkodogo ake amsa masa daga bakin iyaka, yanzu sai ya wuni ba wanda ya tambaye shi ko ƙarfe nawa. So yake a ji shi, wannan kawai. Saboda haka ya share ɗakin ƙofar gida, ya ɗora rediyon kan tebur, ya raɗa wa wurin suna Tashar Zongo. Da aka ce masa direbobin yanzu da wayar salula suke magana, sai ya ce direbobin yanzu ba direbobi ba ne.

Eriya biyu ga rediyo ɗaya, dole a sami makunnin da zai riƙa sauya su. A kasuwar Sankaryaare wani mai kayan lantarki ya nuna masa na ainihin, ɗan ƙarami kamar gwangwanin tumatir. Illiya ya juya shi a tafin hannu ya mayar. Wai wannan abin wasan yara ne zai kai muryarsa Yamai? Ya zaɓi wani ƙaton makunni mai hannu, irin wanda ake sauya wutar gari da ta janareta da shi. Mai shagon ya ce wannan ba na rediyo ba ne, zai zubar da rabin ƙarfin a hanya. Illiya ya ce shi kam abin da in ka ja ka ji ya shiga, shi ya yarda da shi. Haka ya riƙa jan hannun nan kamar mai sa giya a hawa, har da ɗan karkata kafaɗa.

Sai maganar ƙasa. An gaya masa rediyon gida sai an ba shi ƙasa, wato a ja waya daga jikinsa zuwa ƙarfen da aka binne. Illiya ya yi dariya har da tafa cinya. Shi za a koya wa mas, kamar yadda direbobi ke kiran ƙasar nan? A mota duk abin da ke son mas, jikin motar ake ɗaura wa wayarsa, an gama. To mene ne jikin gida? Kwano mana. Ya hau tsani ya ɗaure wayar tam a kwanon rufi. A gefen kwanon nan kuwa, ta ɗaya ɓangaren katanga, maƙwabcinsa Malam Bahauddeen ya kafa lasifikar da yake karantar da manya da ita bayan la'asar.

Bayan la'asar ɗin nan ne kuma Illiya yake buɗe tasha. Ya ja hannu zuwa gabas, ya matse abin magana: "Tashar Zongo ke kira. Wa ke kan hanyar garin Fada? Oba." Sai shuuu. Ya ja zuwa kudu, nan ma shuuu. Bai damu ba, sai ya shiga ba da shawara, yana gargaɗin direbobi kan ramukan da aka cike tun kafin a haifi jikokinsa. In ya gaji da aikin hanya sai ya koma hira da Mahmudu, abokin tuƙinsa da ya daɗe bai ji labarinsa ba. Ya gaya masa ciwon gwiwa, ya gaya masa miyar matarsa Iyatu ta rage maiƙo, ya gaya masa zaman gida ya ishe shi.

Maganar gaskiya, muryar nan ko gadar Tanghin da ke nan cikin gari ba ta tsallakawa. Ta kwano take bi, ta faɗa lasifikar Malam, ta fito tangaram a tsakiyar karatu. Malam yana cikin bayanin farillan alwala sai a ji, "Mahmudu, wallahi gwiwar nan ta hana ni sakat, oba." Malam sa'an 'ya'yan Illiya ne, kunya ta hana shi magana, sai dai ya dakata da karatu ya jira tsohon ya numfasa. Ɗalibai kuwa suka ƙaru, har da mutanen da ba a taɓa sanin suna da ƙishin ilimi ba. Iyatu ta san komai, don wayar shanyarta ma a kwanon take, in maigidan ya matse abin magana sai ta ji ta tsikare ta. Ta ƙyale shi. In yana wa ƙarfe magana, ita ta huta.

Abin da ya ƙara lalata lamarin, washegari in ya fita sai a tare shi: "Tashar Zongo! Mun ji ka jiya raɗau." Shi kuwa ya ɗauka direbobi ne ke kawo labarinsa gari. Rashin amsa bai dame shi ba, ya ce kunnen rediyon ne ya tsufa, bakin kam lafiya lau. Sai ya dawo gida yana taku ɗai-ɗai, fuska tana sheƙi. Mutanen unguwarmu ba su kyauta ba, kuma ban cire kowa ba.

Ranar da abin ya fashe, Illiya ne ya kai ƙarar Malam wurin Mahmudu. Ya ce yaron nan na maƙwabta ya hana shi jin Yamai, karatu ba birki ba tasha. Maganar ta fito daga lasifikar yaron, a gaban ɗalibansa. Malam bai zo wurinsa ba. Hadiyya 'yar Illiya ya samu, wadda ke aikin kafa sola a unguwar Zogona, ya roƙe ta don Allah.

Hadiyya ta zo ta ɗaga kai ta ga wayar a kwano, ta dafe ƙirji.

"Baba, sa wa pa, wannan bai yi ba fa. Damina na tafe. Tsawa ɗaya ta faɗo kan eriyar nan, duk rufin gida zai ɗauka."

"Ke da aka haifa jiya," in ji Illiya. "Da mas ɗin nan na tsallake ruwan Togo."

Ta ga tsoratarwa ba za ta yi ba, ga shi ta kasa faɗa masa gaskiya. Sai ta ce ai ƙasa ta ainihi takan sa murya ta ƙara nisa. Nan take ya miƙe. Da kansa ya haƙa ramin, a wurin da ake zubar da ruwan alwala don ƙasar wurin ba ta bushewa. Suka kafa sandar jan ƙarfe, suka zuba gawayi da gishiri, ta sauko da wayar ta ɗaure a nan. Ta cire ƙaton makunnin ta sa ɗan ƙaramin da ya raina. Aiki ya yi kyau, ba abin da za a kushe.

Ranar ya yi kira da murya irin ta sallah. Washegari ya sa babbar riga ya fita. Aka gaishe shi, aka tambayi gwiwa, ba wanda ya ambaci tasha. Jibi ma haka. Da abin ya ishe shi sai ya tsaya wurin Aliyu Sani mai nama, ya tambaya kamar ba komai ko an ji shi kuwa kwanan nan.

Aliyu yana sara ƙashi, ko ɗagowa bai yi ba. "Ina fa, Baba. Ai tun da Hadiyya ta gyara, lasifikar Malam ta daina kamo ka. Karatun ma duk ya yi lami."

Illiya ya tsaya riƙe da ledar nama. Ya tuna gwiwa, ya tuna miya, ya tuna abin da ya faɗa wa Mahmudu na zaman gida. Kunya ta kama shi har cikin ƙashi. Amma abin da ya fi kunyar zafi shi ne sanin cewa daga Lome har Yamai babu mahaluƙin da ya taɓa jinsa.

Kwanaki bai taɓa rediyon ba. Ya zauna a ƙofar gida, mutane suna wucewa suna ɗaga masa hannu daga nesa, ba mai tsayawa. Wata rana bayan la'asar, da ya ji Malam ya buɗe karatu, sai ya ɗauko filaya ya kwance wayar daga sandar jan ƙarfe. Ya jingina tsani, ya hau da gwiwar nan tasa, ya mayar da ita jikin kwano. Ya sauko yana haki, ya zauna, ya matse abin magana.

"Tashar Zongo ke kira. Akwai mai jina? Oba."

Daga bayan katanga dariya ta tashi gaba ɗaya. Baba Illiya ya san da shi ake, ya kuma san ba dariyar ƙauna ba ce. Ya share ido da bakin riga, ya gyara zama, ya ci gaba da magana.