Zanen Fuskar Iya

Abin da na fara gani a fuskar Iya shi ne zanenta. Tana tankaɗe a gindin tsamiyar gidanmu na Ƙofar Taramniya, hantsi ya sauka a kuncinta, sai ga layuka uku sun taso daga gefen ido sun lanƙwasa wajen baki, kamar ganyen gero in iska ta taɓa shi. Ina 'yar shekara tara. Na tsaya kallo har na manta aiken da aka yi mini.

Iya baiwa ce. Kakana ya saye ta tana yarinya, kafin zuwan Nasara. Da Nasara suka hana cinikin mutane, aka ce mai so ya nemi 'yancinsa gaban alƙali, sai ta ce, "In tahi ina?" Ba ta san sunan garinsu ba. Abin da ta iya tunawa wani babban dutse ne, da hayaƙi, da gudu. Duk baƙon da ya yi sallama sai ta leƙa shi ta bayan asabari, ko za ta ga mai irin zanenta.

Ana jibi Sallah muka taru yin kwalliya da katambiri. Ƙawayena suka yi ɗigo-ɗigo a goshi, ni kuwa na ja layukan Iya a kumatuna, ina jin ba wadda ta kai ni kyau.

Innata na ganina ta dafe ƙirji. "Ke! Mi kika yi ma huskarki? Ɗiyar gida da zanen bayi?" Ta dirje ni da sabulu har kuncina ya yi zafi, amma katambiri ba ya fita sai ya yi kwanakinsa. Iya na tsugune bakin murhu, ta ji komai, ba ta ɗago ba.

Washegari na raka goggona Sabon Gari kai ɗinki, an ce in rufe fuska da gyale. Zafi ya sa na yaye. Wani dattijo mai gyaran takalma, tsohon soja, ya jefar da allurarsa ya miƙe yana yi mini wani yare, da ya ga ban gane ba ya koma Hausa. A kumatunsa ga layukan nan uku.

"Yarinya, wa ya ba ki wannan?"

"Na Iya ne," na ce.

Ya tambayi goggona gidanmu, bayan Sallah ya zo zaurenmu. Babana ya ji abin da ke tafe da shi, ya ce a kira Iya. Ni kam na riga na tsara labarin a raina, wai masoyinta ne ya ratso duniya yana nemanta. Ashe bai ma taɓa ganinta ba. Shi dai garinsu yana bayan dutsen nan da Iya ke tunawa ne kawai.

Ya yi ta magana da yarensu, Iya na kallon bakinsa. Ko kalma ɗaya ba ta kama ba. Har ya fara neman takalmansa, sai ya dawo ya zauna, ya buɗe tafinsa yana ƙirga yatsu da yarensu. Ɗaya, biyu, uku. A na huɗu bakin Iya ya riga shi. Ta toshe baki da hannu tana dariya, hawaye na bin layukan nan.

"Ashe shina nan ciki," ta ce.

Ranar ta ji sunan garinsu daga bakinsa, can kudu. Ta wuni tana maimaita shi a bakin turmi don kada ya sake kuɓuce mata.

Sai da ta ga aurena sannan ta je gaban alƙali, babana bai hana ba. Ta bi ayarin fatake ta tafi neman garinsu. Bayan wasu shekaru ɗaya daga cikinsu ya kawo mana labari: ba ta tarar da wanda ya san ta ba. Amma ya gan ta a kasuwar gindin dutsen tana dama fura irin tamu, matan da ke kewaye da ita duk da layuka uku a kumatu. Ya ce suna kiranta Bahausa, ita kuma tana amsawa.