Filin Wasan da Yagana Ta Toshe Ƙofarsa

Ranar wata Alhamis ce a farkon damina, shekarar da nake aji shida na firamare. Tun bayan azahar hadari ya haɗo ta gabas, ya yi baƙi ƙirin amma ya ƙi sakin ruwa, iska ta ɗauke, ko ganyen mainar da ke tsakar gidanmu ba ya motsi. Ina durƙushe a bakin rijiya ina wanke tukwane sai na ji yaran unguwa sun ɗauki sowa, an kawo wuta. Na bar tukunyar tuwo a jiƙe, na goge hannu a zani, na ruga ɗakin Yaya Auwalu da ke kusa da zaure, na kunna tsohuwar kwamfutarsa. Ina tsaka da shimfiɗa hanya a filin wasan da nake ginawa a cikinta sai na ji a jikina ana kallona. Da na waiwaya, Yagana ce tsaye a bakin ƙofa, ta riƙe gefen labule. Tun zuwansu gidanmu ban taɓa jin muryarta ba sai dai in tana yi wa uwarta Barbarci ƙasa-ƙasa. Ta daɗe tana kallon allon, sannan ta ce da Hausarta da ba ta gama zama ba, "Mutanen nan, ta ina suke fita?"

Yagana sa'ata ce. Mahaifinta, Ba Modu, abokin cinikin Babanmu ne, yana kawo wake da riɗi kasuwar Azare daga wani gari a ɓangaren Yobe. Da garin nasu ya ƙi zaunuwa sai ya ɗebo matarsa Ya Falmata da Yagana da ƙanenta na goye a bayan motar buhuna, Baba ya sa aka kwashe ɗakin da muke ajiye hatsi aka ba su. Ba Modu bai daɗe ba ya koma, saboda tsohuwarsa ta ƙi barin gida, ga kuma gonar da ya riga ya shuka. Ya ce zai dawo da ita kafin a gama noman firi. Bayan tafiyarsa da kaɗan layin waya ya mutu a yankinsu gaba ɗaya. Ya Falmata ta ƙulle wayarta a bakin zani, ko daka take yi sai ka ga ta tsaya ta kwance ta duba, ta mayar. Mu yara ba wanda ya zaunar da mu ya yi mana bayani. Abin da muka sani shi ne manya na yin shiru in mun shigo, Baba kuma yana rage muryar rediyo.

Kwamfutar ta wani kawunmu ce da ya rufe shagon buga takardu, Yaya Auwalu ya ɗauko ta don karatunsa na kwaleji. A cikinta ya tarar da wasan. Za a ba ka fili kore shar kamar fadama, kai ne za ka ja hanyoyi, ka dasa itatuwa, ka kafa lilo iri-iri da rumfunan abinci da banɗaki, sai ƙananan mutane kamar tururuwa su yi ta shigowa ta ƙofa suna hawa. Ba mu taɓa ganin irin wannan wuri da idonmu ba. Lilon da muka sani shi ne igiyar da ke ɗaure a reshen maina, sai na katako da ake kafawa da Sallah. Turancin cikin wasan ya fi ƙarfinmu, don haka muka haddace inda ake dannawa. Ni abin da ya fi burge ni shi ne jirgin da ke gudu a kan dogo, ya hau sama can ya gangaro, mutanen ciki na ihu. Ranar da Yagana ta fara jin ihun nan sai ta toshe kunnuwa, ta roƙe ni in kashe sifika. Ita hanyoyi take so, da kujerun hutawa, da inuwa. Tana da haƙurin da ba ni da shi, takan ɓata lokaci mai tsawo tana jera itatuwa a gefen hanya don kada rana ta dami kowa.

Daga nan muka zama ba a ganin ɗaya babu ɗaya. Mukan yi sauri mu gama tsinkar zogale, mu kai niƙa, mu cika randuna, don in an kawo wuta kada Inna ta sami abin da za ta riƙe mu da shi. Ranar Asabar in mun kai wa masu noma abinci a gonarmu ta hanyar Chinade, sai mu zauna a gindin kanya mu zana filin a kan yashi da guntun kara, nan tafki, nan rumfar awara, nan babbar ƙafar nan mai juyawa da kujeru. A makaranta ma, in an fita tara ana 'yar carafke, mu muna gefe muna shawarar inda za mu sa dawakin lilo.

Garin kuwa a shekarar nan ba daɗi. An jera buhunan yashi a kan tituna, mai babur sai ya sauka ya tura kafin ya wuce shinge, a ƙofar makaranta ana zazzage mana jaka. In tayar mota ta fashe sai ka ga masu talla sun watse an bar faranti a ƙasa. Mai unguwa ya aiko gida-gida a riƙa faɗin duk baƙon da ya sauka. Wata maƙwabciyarmu ta hana 'ya'yanta yin gaɗa in da Yagana a wurin, wai ba a san ko su wane ne danginsu ba. Da maganar ta zo kunnen Inna ta yafa mayafi ta shiga gidan, na jiyo ta ta katanga tana cewa, "Yarinyar nan a kwanona take cin tuwo. Wadda ba ta son ta, kada ta sake aiko 'yarta gidana." Duk da haka muka daina fita dandali. Ɗakin Yaya Auwalu ya zama mana waje.

Shi ne ya nuna mana cewa in ka danna kan ɗaya daga cikin mutanen nan za ka ga fuskarsa, ka san ko yana jin yunwa ko ya gaji, har za ka iya sa masa suna, ko ka ɗauke shi da wani ɗan hantsaki ka ajiye inda kake so. Yagana ta yi ta dubawa har ta sami wani mai shuɗiyar riga, irin wadda mahaifinta ya sa ranar da ya tafi. Ta roƙi Yaya Auwalu ya rubuta masa Ba, yadda take kiran mahaifinta. Tun daga ranar ta daina gini. Aikinta kawai bin mai shuɗiyar riga, ta ga ya ci abinci, ta ga ya zauna a inuwa. Duk sanda ya nufi ƙofar fita sai ta ɗauko shi da hantsakin, ƙafafunsa na reto, ta mayar da shi tsakiyar fili. Wata rana yana dab da ƙofa aka ɗauke wuta. Ranar ba ta ci abincin yamma ba, ta zauna a bakin ɗakinsu tana kallon ƙwan fitila. Da wutar ta dawo bayan kwanaki muka tarar yana nan, amma ita ba ta sake yarda ba. Ta goge guntun hanyar da ke kaiwa ƙofa, ta dasa itatuwa a wurin, ta kewaye da shinge.

Da farko ban ga wani bambanci ba. Sannu a hankali fuskokin suka fara canzawa, murmushi ya koma ɗaure fuska, wasu suka yi ja. Shara ta cika hanyoyi, aka fara karya kujerun da ta jera. Mutanen suka bar lilo suka taru a ƙarshen hanya, inda itatuwan suke, su je su dawo, su je su dawo, cunkus kamar ranar kasuwa. Dawakin lilo na ta zagaye ba kowa a kai, jirgin dogo na hawa yana gangarowa fayau. Na tambayi Yaya Auwalu me rubutun da ke fitowa a kansu yake cewa, ya karanta, ya ce duk abu ɗaya suke faɗi, kowa gida yake so ya tafi. Tun daga lokacin in na zauna gaban allon sai taron ya riƙa ba ni tsoro, ga shi kuma ba na iya daina kallo.

Rannan haƙurina ya ƙare, na ce ta lalata mini fili, na kai hannu zan karɓe linzamin kwamfutar in gyara hanyar. Ta riƙe mini wuyan hannu da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai ce, "In ya fita ba zai dawo ba." Na saki. Yaya Auwalu ya ce in ƙyale ta. Inna da ta ji labari ta so ta hana mu shiga ɗakin, ta ce wannan ba wasa ba ne kuma, amma Ya Falmata ta ce a bari ta gani tukuna. Ta zo ta tsaya a bayanmu da goyonta, ta daɗe tana kallon ɗan mutumin nan yana kai da kawowa a cikin taro, sannan ta dafa kan 'yarta ta fita. Ba a sake maganar hanawa ba.

Aka gama noman firi, aka yi maimai, gero ya fitar da kai. Wata rana da hantsi muna shanyar kuɓewa sai aka yi sallama a zaure. Wani Bafulatani ne daga wajen Udubo, ya kawo wata 'yar tsohuwa a bayan babur, rungume da ƙunshin kaya. Ya Falmata na ganin ta ta saki faifan da ke hannunta, idonta na kan zaure tana jiran wanda zai biyo baya. Ba wanda ya biyo. Kakar Yagana ce. Bayan ta sha ruwa ta ba da labari da Barbarci, Baba na fassara wa Inna. Sun fito tare da jama'a ta daji, Ba Modu na goya ta in ta gaji. A wani ƙauye suka sami mota, aka ce mata da tsofaffi kawai za ta ɗauka. Ya ɗora ta, ya gyara mata zama, ya ce zai biyo da ƙafa tare da maza. Ta jira shi a rugar mutanen da suka sauke ta, mazan suka yi ta isowa ɗai-ɗai, wani ya ce ya gan shi a bakin rafi, wani ya ce kamar ya juya neman wani yaro da ya ɓace. Baba da Yaya Auwalu suka yi ta yawon cigiya, Udubo, Sakwa, tashoshin mota, duk inda aka ce an ga baƙi. Ba a sami labari ba. Mata suka yi ta shigowa jaje, amma ba a shimfiɗa tabarmar makoki ba, tun da ba wanda ya ga gawa.

Duk kwanakin nan Yagana ba ta yi kuka a gabana ba. Wata la'asar aka kawo wuta, ban ko motsa ba, sai ga ta ta zo ta ja ni da hannu zuwa ɗakin. Ta zauna, ta cire itatuwan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauke shingen, ta shimfiɗa hanyar. Mutanen suka kwarara waje. Mai shuɗiyar riga yana cikin na ƙarshe, yana tafiya a hankali, kansa a sunkuye. Hannunta na kan linzamin, ina jiran ta ɗauko shi, amma ba ta taɓa shi ba. Ya wuce ƙofa, ya bi hanya har ya ɓace a gefen allo. "Ya gaji," ta ce. "Na daɗe ina tsare shi." Ta tashi ta tafi taya uwarta surfe. Ba ta sake shiga ɗakin ba, ni ma wasan ya fita daga raina.

Yanzu ina koyarwa a wata firamare a nan Azare. Yagana na aure a Chinade, tana ɗinki, Hausa a bakinta ta fi tawa, ɗanta na fari sunansa Modu. Ya Falmata ta zauna a gidanmu har ɗanta ya girma ya kama musu haya, ba ta sake aure ba, kuma har yau in ana maganar mijinta cewa take yi ya yi tafiya. An kwashe buhunan yashi daga tituna, an sare mainar tsakar gida an yi ɗaki a wurin. 'Ya'yana suna da wasanni a waya da suka fi namu kyau nesa ba kusa ba, kowa ya kama lungunsa ya sunkuya, ba mai leƙa na wani. Ba na yi musu fatan shekara irin tamu. Amma wani lokaci in na gan su haka nakan yi kewar kujerar nan ɗaya da muke matsuwa a kai ni da Yagana, kafaɗa na gugar kafaɗa. A lokacin tsoro muka yi ƙuruciya, amma tare muka yi ta.