Farin Kwarkwaron Malam Haruna Tela

Shekara tara ke nan cif da rasuwar aminina Malam Haruna Tela, mutumin Maska da ya ƙare rayuwarsa a kan keken ɗinki a kasuwar Funtua. Rumfata ta zare da maɓallai tana jikin shagonsa, saboda haka abin da zan faɗa ganau ne ni, ba jiyau ba.

Ga wanda bai san keke ba, zare biyu ne ke yin ɗinki. Akwai na sama da kowa ke gani, akwai kuma na ƙasa, wanda ake naɗewa a ɗan kwarkwaro a cusa shi ƙarƙashin allura. Haruna ya fi damuwa da na ƙasan nan fiye da yadda manomi ke damuwa da ruwan shuka. In na ƙasa ya ƙare, keke ba ya faɗa maka. Allura za ta ci gaba da rawarta, kana gani kamar ɗinki na tafiya, sai ka ɗaga yadi ya rabu biyu a hannunka.

Ban taɓa ganin mai binciken kwarkwaro irinsa ba. Duk sabon kwarkwaron da ya shigo kasuwa sai ya saya, ya cika shi da zare, sannan ya ɗaura bakin zaren a ƙofar shago ya riƙa warwarewa zuwa gindin darbejiya yana dawowa. Ni ina zaune ina yi masa tsiya, ina cewa teloli na ɗinki, shi yana safa da marwa. A haka ya gano cewa na roba, duk kyansa, kaurin jikinsa ya cinye wurin zare. Na ƙarfe mai siririn baki ya fi shi ɗauka, kuma ba ya lanƙwasa. Ya kuma lura cewa zare mai kauri yana saurin cika kwarkwaro amma ba ya nisa, kuma wanda aka cika har ya tumbatsa sai ya shaƙe keke. Asarar zarena dai aka yi, amma na ƙaru.

Duk wahalar nan saboda abu ɗaya ce. A bayan kujerarsa akwai ƙusa, a jikinta kwarkwaron ƙarfe ɗaya cike da farin zare, wanda ba a taɓa shi ko da ɗinkin Sallah ya yi tsanani. Na likkafani ne. Ana kawo alawayyo zai ture duk abin da ke kan keke, ya sa shi, ya ɗinke ba tsayawa, ba kulli a tsakiya. Na taɓa tambayarsa dalilin wannan tsanani, ya ce, "Ɗanjuma, mai rai in rigarsa ta warware zai dawo da ita har ya zage ni. Wannan ba ya dawowa. Ga mutane a ƙofar gida suna jira, ba lokacin naɗin zare ba ne." Yana gamawa kuma sai ya sake cika shi kafin ya mayar jikin ƙusa.

Mutuwa rigar kowa. Ranar da tasa ta zo, da kwarkwaron nan aka ɗinka likkafaninsa, kuma a cike aka same shi.

Yau da zai leƙo layin teloli, ban san me zai ce ba. Kekunan lantarki sun cika ko'ina, suna gudu kamar babur a hanyar Malumfashi. Wasunsu kwarkwaronsu babba ne, yana ɗaukar kusan ninki biyu na wanda ya sani. Na tabbata da sai ya saya ya kai shi gindin darbejiya, kuma da ya yaba, don shi ba mai gaba da sabon abu ba ne. Abin da zai ɓata masa rai shi ne gaggawa, da ɗinkin da ake miƙa wa mai shi ba a juya cikinsa an duba ba.

Bara ɗansa Nasiru, wanda ya gaji shagon, ya sayi irin wannan keken. Da na ga an ture baƙin keken uban zuwa lungu an rufe da buhu, raina ya sosu ƙwarai. Tsohon kwarkwaro ba ya shiga sabon keke, sai na ɗauka al'adar ta bi mai ita. Ban yi masa magana ba, don ɗan wani ba naka ba ne, ko da a hannunka ya girma.

A damunar nan yayata ta rasu a Maska. Na hau babur da alawayyo a hammata, na iso shago na tarar babu wuta. Ga shi an sa jana'iza bayan azahar. Nasiru ya yi mini ta'aziyya, ya ce, "Baba, zauna." Ya yaye buhun nan, sai ga keke ya sha mai yana ƙyalli. Ya miƙa hannu bayan kujera. A jikin ƙusar kwarkwaro biyu ne yanzu, babba da ƙarami, duk cike da farin zare. "In da wuta wannan, in babu na mahaifina," in ji shi. Ya taka keke, ɗinki ya tafi tun daga farko har ƙarshe bai yanke ba.

Haruna bai bar gida mai bene ba, bai bar gona mai faɗi ba. Abin da ya bari shi ne wannan tanadin da ake yi wa wanda ba zai taɓa dawowa ya yi godiya ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa kabarinsa ya zama dausayin Aljanna.

Kafin in fita, Nasiru ya sake cika ƙaramin da farin zare ya rataye. Na tsaya ina kallonsa a jikin ƙusa. Shekaruna sun haura saba'in, na san wataƙila na likkafanina ne, kuma wallahi hankalina ya kwanta.