Gurbi na shida da ka bar mini, Yaya Mas'ud

Na Allah ne mu, kuma wurinSa muke komawa ɗaya bayan ɗaya. Ranar Talata, 9 ga watan Maris na shekarar 2021, a ƙarshen watan Rajab, Allah Ya karɓi ran Mas'ud Iro a gidan likita a Maraɗi, bayan amosanin jinin da yake fama da shi tun yana yaro ya sake tasar masa. An kawo shi gida Cadawa, aka yi masa sutura bayan la'asar. Ina cikin aji aka zo kirana. Malaminmu ya ce in tattara littattafaina. Bai faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba, domin na gani a fuskarsa.

Yaya, a zaman makoki mutane sun faɗi alherinka. Iyayen yaran da kake koyarwa a lakol ta Gangara sun zo a amalanke, sun ce ba ka taɓa ɗaga bulala ba. Ni ban ce komai ba. Ka san halina, in mutane sun wuce uku muryata takan maƙale. Shi ya sa nake rubuta nawa.

Kai ɗan Gwaggo Balki ne, yayar babana, kuma ɗanta na fari. Ni taubashiyarka ce, don haka kana da izinin tsokanata, kuma ba ka taɓa barin izinin nan ya yi tsatsa ba. Kai ka sa mini suna Kunkuru. Da farko saboda yadda nake maƙe wuya in baƙi sun shigo, daga baya kuma saboda wasan dodanni.

Ga wanda bai san shi ba, wasa ne da ake yi a waya ta intanet. Kowa yana zaɓar dodanni shida ya haɗa runduna, ya kara da wani mutum da ba ya gani, wataƙila yana Yamai, wataƙila yana wata ƙasa. Ɗaya bayan ɗaya ake fitar da dodannin fili, kowa ya zaɓi abin da nasa zai yi, wanda nasa suka riga ƙarewa shi aka ci. Ranar da ka fara ba ni wayarka in gwada, na zaɓi masu kaurin fata guda shida, waɗanda ba sa bugu sai jurewa. Faɗan ya yi ta tafiya har batirin ya mutu, ba a ci ni ba, ban ci ba. Ka yi dariya har tari ya kama ka.

Ka ce, “Kunkuru, wannan ba faɗa ba ne, zaman jiran mota ne a tasha.”

Daga nan ka fara koya mini haɗa rundunar hari. Babana bai so ba da farko. Kai ka je ka durƙusa a gabansa, ka yi alkawari ba zan taɓa wayar ba sai na gama aikin lakol ka duba da idonka. Ka cika alkawarin fiye da yadda na so.

Ba ka koya mini da manyan kalmomi ba. Ka ce tun kana ƙarami ba a barinka aikin ƙarfi, in an tafi shuka a gindin gawo ake ajiye ka da butar ruwa, daga nan kake kallon yadda aiki yake tafiya. Mai sungumi yana gaba yana sara, masu iri suna biye, kowa da aikinsa guda, ba mai tsayawa. Ka ce rundunar hari haka take. Ba a tara dodanni shida don ana son su. Ana fara zaɓar wanda zai gama faɗan, sai a tambayi kai me zai tare masa hanya, sauran kuma aikinsu su kawar da waɗannan abubuwa. Ka ce duk zagayen da na ɓata wajen ɓuya kyauta ce na ba abokin karawa. Abin da ya fi yi mini wuya shi ne da ka ce dole in yarda wani ya faɗi don na bayansa ya samu fili. Ni kuwa so nake kowa ya koma gida lafiya.

Akwai wata ƙa'ida da ka kafa mini: ba zan danna komai ba sai na faɗi da baki abin da zan yi da dalilinsa. In na yi ƙasa-ƙasa da murya sai ka kama kunnenka ka ce, “Mi? Kaji ma ba su ji ba.” Na daɗe ina jin haushin wannan. Sai bana na lura ina ɗaga hannu a aji, ina amsa tambaya har ƙarshenta, ban san lokacin da na fara ba.

Sau ɗaya na tambaye ka me ya sa ba ka son dogon faɗa. Ka ce, “Ni jikina ba ya yi mini sallama kafin ya zo. In na samu yini mai kyau, ba na ajiye shi sai gobe.” Sai ka koma tsokanata.

Kuna da ƙungiya ta masu wasan a jihar Maraɗi, kuna magana ta waya, yawancinku ba ku taɓa haɗuwa ba. Shugabanta, Fahad, ya taso tun daga Gidan Rumji a kan babur don ya yi gaisuwa, bai ma san ƙofar gidan ba sai da ya tambaya. Ya gaya wa babanka, Baba Iro, cewa duk wanda ka ci sai ka aika masa da bayanin inda rundunarsa take yoyo da yadda zai toshe. Ya ce da yawa daga cikinsu da shawararka suka dawo suka ci ka, kai kuma kana murna.

Ƙungiyar ta shirya gasa kafin azumi, ka sa sunanka. Sai aka yi zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, bayan an faɗi sakamako aka yanke intanet. Manya suna manne da rediyo suna jiran yadda za a miƙa mulki, kai kuma ka ce rashin rezo ba hutu ba ne. A tsakar gidan Gwaggo, a gindin dogon yaro, ka haƙa gurabu shida a ƙasa kamar na dara, ka kawo tsakuwoyi. Kowace tsakuwa dodo ce, kuma ka raɗa musu suna. Sungumi shi ke fara fita, ya watsa ƙaya a filin abokan gaba, ya faɗi in ya gama. Gatari mai fasa masu kaurin fata. Ɗan Aike ya buga ya dawo. Guguwa ita ce za ta share fili, amma sai ta samu zagaye guda tana tara ƙarfi ba a taɓa ta ba. Lauje shi ne mafi sauri, mai girbe abin da ya rage. Gurabu biyar suka cika.

Ka nuna na shida ka ce, “Wannan naki ne. Guguwa ba ta da mai ba ta wannan zagaye guda. Nemo mata.”

Na ce zan yi tunani. Kullum ka tambaya sai in ce ina kan tunani, kai kuma ka ce har kunkurun gaske ya isa Gazawa ya dawo. Muna cikin haka ciwon ya tashi. Rezo ya dawo kana kwance a Maraɗi.

Yanzu bari in ba ka labarin Gwaggo. Ka fi kowa sanin ba ta taɓa kiran sunanka ba, don kunyar ɗan fari. “Wancan” take cewa, ko “yaron nan”. Ba ta zama kusa da kai, ba ta yabonka a gaban mutane. Duk lokacin da muke wasa tana can gefe ta ba mu baya, tana ɓarar gujiya, kamar ba ta san muna gidan ba. A zaman makoki ma ita ke ba mutane haƙuri, idonta a bushe.

Bayan sadakar bakwai ta aika aka kira ni. Ta miƙo mini wayarka a naɗe cikin ɗankwali. Ta ce, “Babansa ya yarda, ƙannensa sun yarda. Wancan ya ce akwai abin da ya rage miki. Ki ƙarasa.”

Na ji tsoro, Yaya. Na ji tsoron kada a ce ba a yi arba'in ba ina wasa. Babana ya ce in dai uwarka ce ta ce, ba mai wata magana. Abin da ya rage shi ne in sanar da ƙungiya da muryata cewa ni zan tsaya a madadinka, in ba haka ba su share sunanka. Maza ne duka, ban san ko ɗaya ba sai Fahad. Na yi ta ɗaukar muryar ina gogewa. A ƙarshe na yi kamar kana gabana ka kama kunne, na faɗa da ƙarfi, na aika kafin in sake saurare. Fahad ya amsa, ya ce wurinka yana nan, ba wanda ya taɓa shi.

A gurbi na shida na sa dodo mai nauyi, marar sauri, mai kaurin fata. Aikinsa ya fito ya karɓi bugu, ya kafa garkuwa, ya janye ya bar wa Guguwa fili. Ba zama yake yi ba, wucewa yake. Na sa masa suna Kunkuru. Ban sani ba ko shi kake nufi, amma na faɗi dalilina da baki kafin in danna.

Ranar Lahadin ƙarshe kafin azumi aka yi gasar. Na zauna a gindin dogon yaron, Gwaggo tana wurinta ta ba ni baya. Karawar farko Kunkuru ya yi aikinsa, Guguwa ta share fili. Ta biyu ta yi tsanani. Saura mini Gatari, ya kusa faɗuwa, da Lauje. Na ce a fili, kamar yadda ka saba mini, “Zan janye Gatari in fitar da Lauje, don kada ya faɗi.”

Gwaggo ba ta juyo ba, hannunta bai bar gujiya ba. Ta ce, “A'a. Bar Gatari ya faɗi tukuna, Lauje ya shigo da lafiyarsa. Wancan kullum a nan yake garaje, in an ci shi ya ce rezo ne.”

Na bi maganarta. Gatari ya faɗi, Lauje ya shigo ya gama. A karawa ta uku wani ɗan Tibiri ya fitar da ni, kuma ya fi ni iyawa, ban ji ciwo ba. Rundunarka ta shiga fili da shidanta.

Da na ajiye wayar, Gwaggo ta tambaye ni da sunan wa aka rubuta cin nan biyu. Na ce da naka.

Ta ce, “Faɗi in ji.”

Na ce, “Mas'ud Iro, Cadawa.”

Ta ce, “To, madalla.” Ta ci gaba da ɓarar gujiyarta, ni kuma na matsa kusa na taya ta.

Allah Ya jiƙanka, Yaya Mas'ud. Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara, Ya yalwata kabarinka Ya haskaka shi, Ya sa Aljanna Firdausi ce gidanka, inda jiki ba ya ciwo. Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba Iro, da Gwaggo Balki, da ƙannenka, da yaran ajinka na Gangara, da abokanka na ƙungiya na kusa da na nesa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya sa mu cika da imani in lokacinmu ya yi. Amin.

Taubashiyarka,
Saliha Harouna, Cadawa