Gagarau da Ruwan Maƙera

A layinmu na Tudun Wada, in ka ce Baba Yusha'u ba kowa zai gane ba, amma ka ce Baba Mai Karnuka, ko akuya ta nuna maka ƙofarsa. Ni tela ne, shagona yana kallon zaurensa, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

Mafarauci ne tun yana saurayi. A da karnuka tara gare shi. In rani ya yi sai ka ga sun bi shi a jere sun nufi dajin bayan Dutsen Abba, su dawo da zomaye da gafiya. Yau dajin ya zama gidajen bulo, abokan farautarsa wasu sun rasu, wasu gwiwa ta zaunar da su. Karnukan ma suka yi ta ƙarewa har ya rage saura Gagarau, wani jan kare mai yankakken kunne da bakinsa ya yi furfura. Kullum Baba sai ya ce mini, "Salmanu, bari a gama girbi, ni da Gagarau za mu koma daji." Girbi shida ina jin wannan magana. Ina tsokanarsa, amma wallahi tausayinsa nake ji, kewar daji ce ke cin mutumin nan.

Ana nan sai ga wata ɗaliba, Christabel, mai karatun likitan dabbobi a Samaru. Ta ce jinin karnuka masu lafiya take nema, za ta auna sinadaran da ke ciki 'yan kaɗan-kaɗan, irin su ƙarfe da tagulla, don likita ya san ma'aunin lafiyayye kafin ya duba mara lafiya. Masu karnukan gadi suka yi ta noƙewa, wai me za a yi da jinin kare in ba tsafi ba. Baba ne ya fara cewa zai kawo nasa. Ba ruwansa da bincike. Matarsa, Inna Atika, ta daɗe tana cewa da shi da karen duk sun gama yawo, shi kuwa so yake likita ta rubuta Gagarau a layin masu lafiya, ya samu abin rufe mata baki, ya kuma kwantar da tasa zuciyar.

Kwana uku ya yi yana shiri. Ya je maƙera ya ɗebo ruwan da maƙeri ke tsoma ƙarfe mai zafi a ciki, wanda Baba ya ce iyayensa ke ba karnuka kafin babbar farauta, ya haɗa masa da hantar bijimi. Gagarau ya ci ya sha, har ya yi haushi sau biyu.

Ranar awo na bar ɗinki na bi su gindin dalbejiyar ƙofar mai unguwa. Christabel ta duba idon karen, ta duba haƙora, ta shafa haƙarƙari, tana gyaɗa kai. Sai ta ce, "Baba, me yake ci kwanan nan?"

Ai kuwa Baba ya gyara tsayuwa ya zayyane mata komai, har da sunan maƙerin.

Ta ajiye biro. "Baba, ƙarfen da nake son aunawa shi ne ka ɗura masa. In na ɗiba yau, ruwan maƙera zan auna, ba Gagarau ba. Ka mayar da shi kan tuwonsa na kullum, ka dawo da shi Talata ta huɗu daga yau."

Na so in yi dariya, na kalli fuskarsa na haɗiye. Ya ja igiyar karensa suka juya gida.

A mako na uku, bayan la'asar, Gagarau ya kwanta a zaure bai sake tashi ba. Tsufa ne kawai. Baba ya ari baro, ya tura shi da kansa har bayan gari ya binne, bai yarda kowa ya taya shi ba.

Da Talatar ta zo ya sa babbar riga ya fita, na bi bayansa. Christabel ta gaishe shi tana leƙen bayansa, ta ga ba igiya a hannunsa.

"Na zo ne kada ki yi ta jiranmu," in ji shi. Sai ya ƙara da cewa, "'Yata, ran nan da kika duba idonsa da haƙoransa, kafin in buɗe bakina, a wane layi za ki sa shi?"

"Layin masu lafiya, Baba."

Ya daɗe yana kallon takardar hannunta.

"To," ya ce, "ashe ni na cire shi."