Yadda Ni da Surukina Muka Yi wa Dashbod Tiyata

Shekarun baya, a zamanin da wayar hannu ta fara shiga aljihun talaka a Zariya, ina koyarwa a wata sakandare a Samaru, Allah ya hore mini motata ta farko. Wanda ya sayar mini ya ce 'yar Kwatano ce. Ni dai zatona ta zaga ƙasashe da yawa kafin ta isa Kwatanon. Inji lafiya lau, murzawa ɗaya take tashi. Matsalar a ciki take. Rana ta gasa dashbod ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani, robar da ke jikin ƙofar fasinja kuma ta rabe biyu, mariƙin buɗewa yana lilo. In na hau gargada, sai ka ji cikin motar na kaɗawa kamar ana kiɗan ƙwarya.

Ban damu ba, sai da maganar aure ta taso. Yarinyar da nake nema a Jushi gidansu yake, mahaifinta tsohon akawun reluwe ne da ya yi ritaya, kuma dattijo a majami'arsu. Mutum ne marar yawan magana. Iyayena sun je sun gabatar da ni, bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya ce zai duba. Ana cikin wannan dubawar sai yarinyar ta zo mini da saƙo: an gayyace shi ya yi jawabi a sujadar godiyar kaka a wata majami'a a Samaru, kuma ya ce ni zan ɗauko shi ranar Lahadi.

Na zaga shagunan kayan mota na Sabon Gari ina neman dashbod. Wani ya leƙa motar, ya dube ni, ya ce irin wannan sai dai a aika Anacha, shi ma in an yi sa'a. Na dawo na kai kukana wurin abokina, malamin tarihi, wanda ban taɓa jin ya ce bai san abu ba.

"Haba mutumina, roba fa roba ce," in ji shi. "Ba ka ganin masu liƙin bokiti? Wuƙa suke sawa a wuta. Kana da tsohon bokiti?"

Bokiti ɗaya gare ni, ja, na wanka. Ranar Asabar muka yanka shi. Muka kunna risho a ƙofar gida, muna gasa wuƙa muna narka jar roba cikin tsagogin nan, hayaƙi ya turnuƙe har maƙwabciyata ta leƙo tana tambayar me ya ƙone. Da muka gama, dashbod ya fito baƙi da jajayen layuka kamar an yi masa tsagar gado. Mariƙin ƙofa kuwa muka dambara masa gam na masu gyaran takalmi.

"Jan fa?" na tambaye shi.

"Man goge takalmi," ya ce, ko tunani bai tsaya yi ba.

Muka shafe dashbod da jikin ƙofa da baƙin mai, muka bi da buroshi. Gaskiya ya yi ƙyalli. Har tafawa muka yi.

Ranar Lahadi na isa Jushi da wuri, na ajiye motar a rana ina jira. Dattijon ya ɗauki lokaci yana shiri. Can ya fito cikin farar babbar riga, ta sha guga tana ɗaukar ido. Na durƙusa na gaishe shi, na buɗe masa ƙofa. Yana zama ya shaƙi iska, ya ce, "Malam, kana sayar da takalma ne?"

Na ce a'a, Baba, sabon turaren mota ne.

A Kwangila muka tarar da cunkoso. Zafi ya dame shi, ya jingina hannu a jikin ƙofa, ya kuma dafa dashbod da ɗaya hannun don ya gyara zama, sannan ya share zufar goshinsa. Na saci kallonsa. Baƙin layi ne shimfiɗe a goshinsa daga wannan gefe zuwa wancan, hannun rigar kuma kamar an goge tukunya da shi. Na yi ta addu'a a zuci, ban ma san me nake roƙo ba.

Muka isa harabar majami'a, dattawa sun jeru suna jiran babban baƙo. Kafin in zagayo, ya ja mariƙin ƙofa. Mariƙi ya biyo hannunsa, gam yana bin sa kamar yauƙin kuɓewa. Ya dubi abin da ke hannunsa, ya dubi rigarsa, ya juya madubi ya dubi fuskarsa. Sannan ya juyo gare ni.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ne, Baba. Ku yi haƙuri."

"Da me?"

"Da bokiti."

Ya gyaɗa kai. Aka samo masa ruwa da sabulu, ya naɗe hannun rigar a kafaɗa, ya shiga ya yi jawabinsa. Ni dai ban ji ko kalma ɗaya ba. Da na mayar da shi gida, ta waje na buɗe masa ƙofa. Ya sauko da mariƙin har yanzu a hannunsa, ya ce, "Gobe in ka tashi daga makaranta ka kawo mini motar nan."

Na faɗa wa abokina. Ya ce a tarihi an sha ganin irin haka, in nemi wata yarinyar kawai.

Washegari na je ina jiran hukunci. Sai na tarar da Baba a ƙofar gida cikin singileti da gajeren wando, ya baje tabarma, a kai ga basilla, ga wayar wuta da ya feɗe, ga filaya, ga wani tsohon akwatin ƙarfe. Fuskarsa kamar yaro ranar Kirsimeti.

"Kuskurenka ɗaya," ya ce. "Roba ba ta son wuta. Ɗinki take so, kamar ƙwarya. Riƙe mini nan."

Ya dinga huda dashbod yana zura waya yana ɗaurewa. Duk inda ya huda, sabuwar tsaga ta fito, sai ya bi ta ita ma ya ɗinke. A wani wuri basillar ta zarce ciki, hon ya kama kuka ya ƙi tsayawa, sai da muka cire kan batir. Yana aiki yana ba ni labarin jiragen ƙasan da ya gani a zamaninsa, da yadda ya zo Sabon Gari da jaka ɗaya. Maganar da ya yi a yammacin nan ta fi duk wadda na taɓa ji daga bakinsa. Mariƙin ƙofa ya gagare mu, sai ya ɗaura igiya a madadinsa, ya gwada ta buɗe, ya ce ai wannan ya fi na Bature ƙarko.

Da matarsa ta kawo mana kunu, ta leƙa cikin motar, ta riƙe haɓa. "Kai da shi duk kanwar ja ce," ta ce. "Allah dai ya haɗa ku."

A wajen rakiya yarinyar ta bayyana mini komai, tana dariya har da hawaye. Ashe tun da ya yi ritaya ya kashe rediyo, ya kashe fanka, ya kashe dutsen guga, duk da sunan gyara. Har ta kai in abu ya lalace a gidan, ɓoyewa suke yi a kai wa mai gyara a asirce. Ni ne mutum na farko da ya miƙa masa abu ya ce ga shi. A makon nan ya aika wa iyayena cewa ya gama dubawa.

Na yi shekaru ina yawo da wannan ɗinkin. Ko da na sami halin sauyawa ban isa ba, don duk sanda ya shiga motar sai ya shafa wayoyin ya ce, "Ka ga? Har yau bai motsa ba."

Ya rasu yanzu, Allah ya ba shi hutawa. Abin da na koya a wurinsa shi ne, in tsoho ya zauna shiru, ba kullum fushi yake ba. Wani lokacin so yake a ce masa, "Baba, zo ka duba mana wannan." Ko zai ɓata, a bar shi ya ɓata. Abin da zai lalace bai kai abin da zai gyaru ba.

Kuma na fara fahimtarsa fiye da da. Kwanan nan ina shigowa gida na ji babbar 'yata tana raɗa wa ƙaninta, "Yi sauri ka ɓoye fankar nan, ga Baba nan ya dawo."